Simsim Ba Na Gadi Ba Ne

Ko da zan manta da komai na zamana a Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da ranar da mahaifina ya miƙa hannu biyu zai karɓi jika, ni kuma na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma ba wanda ya jawo min sai ni da kaina.

Bari in faro daga tushe. Aiki ne ya kawo maigidana ofishin jakadancinmu, muka kama gida a Giza, hawa na bakwai. Mun daɗe da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. A gida abin da sauƙi, ko ba ka haifa ba 'ya'yan 'yan'uwa za su cika maka ɗaki su fasa maka kofuna. A nan kuwa da ya fita da safe shi ke nan, ba na sake jin motsin kowa sai mai sayar da tukunyar gas yana ƙwanƙwasa ta can ƙasa. Har na kai ina yi wa firiji magana (kuma wallahi wani lokaci ina ɗan dakatawa ko zai amsa).

A cikin wannan hali na ga hotonsa a waya. Ɗan kwikwiyo ne, irin karnukan nan na 'yan sanda, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sunansa Simsim, wato riɗi. Wata ƙungiyar 'yan sa-kai ce ta tsinto shi. Ba su da wani gidan ajiye karnuka, kowane kare riƙonsa ake ba ɗaya daga cikinsu a gidanta har a samu mai ɗauka. Ni da muka tashi a Zariya muna bin kare da jifa in ya gifta ƙofar gidanmu, sai ga ni ina shafa fuskar waya. Da na nuna wa maigidan, kallona ya yi ya ce, "Ni ba ruwana. Ke dai kin san gidan da kika fito." Ya faɗi haka ne don mahaifina malami ne, kuma ba na wasa ba.

Wadda ke riƙon Simsim sunanta Madam Nuha, wata Bamisiriya mai jiki da murya. Tambayoyin da ta yi min sai ka ce auren 'yarta na zo nema. Sharuɗɗanta uku: ba a ɗaure shi, ba a kai shi saman bene a manta, kuma ba a ɗaukarsa don hirasa, wato gadi. Ta ce duk wanda wannan kalma ta fito daga bakinsa, khalas, an gama magana. Za ta ba ni shi na gwaji, kuma za ta faɗo min gida ba sanarwa ta ga yadda yake. Wani abin da na lura da shi, su waɗannan mata ba sa cewa kare. Yaro suke cewa, ko yarinya. Ranar da ta miƙo min shi cewa ta yi, "Mabruk," wato barka, "yau ke ce mamarsa." Na yi dariya a gabanta, tana fita na shige banɗaki na sha kukana.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin kwanakin nan fiye da yadda ya kamata 'yar malam ta ji. Ya cinye min silifas, ya yi fitsari a ƙarƙashin tebur, na ware masa kwanonsa na kuma hana shi ɗakin da nake salla. Amma in na buɗe ƙofa akwai mai murnar ganina, kuma na daina hira da firiji.

Kwatsam yayana ya kira, wai likitan ido ya matso da ranar aikin Baba, jibi za su sauka a gidanmu. Ni da nake lissafin sai wata mai zuwa! Na rasa inda zan sa kaina. Wata mai hankali da ta kira Madam Nuha ta ce ta riƙe mata Simsim na ɗan lokaci, amma ni tsoro nake kada ta ce ban shirya ba ta hana ni shi gaba ɗaya. Sai na yi dabarar da nake ganin ta fi ta kowa: na kai shi baranda, na ɗaure shi da igiyar shanya, na ja labule. Idon Baba ɗaya dama ya daɗe da raunana, ɗayan kuma za a naɗe shi bayan aiki, to wa zai gani? Da ya ji kukansa ya tambaya, na ce na maƙwabta ne. Ya ce, "Allah Ya shirye su." Na ce amin da ƙarfi.

Washegarin aikin, da hantsi, Baba yana zaune a falo ido a naɗe yana jan carbi, yayana ya fita sayen magani, aka danna ƙararrawa. Ina buɗewa sai ga Madam Nuha da leda a hannu. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ɗaga murya ta ce, "Fen ibnik?" Ina ɗanki ke nan. Ni a wautata na ɗauka Larabcin titi ne, Baba ba zai gane ba. Mutumin da ya yi shekaru yana karantar da Larabci a zaure, shi ne zai kasa gane ibnik! Carbin ya tsaya cak.

"Uwata," ya ce (haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni), "wane ɗa?"

Kafin in haɗa wata ƙaryar ya juya ya yi wa baƙuwar sallama da Larabcinsa na littafi, ita kuma ta ji daɗi ta zauna ta buɗe baki. Ta ce ai 'yarsa mutuniyar kirki ce. Ta ce yaron watansa uku, a ƙarƙashin gada aka tsince shi, mota ta kashe uwar. Baba ya yi salati. Ta ce an yi masa allurar rigakafi, saura ɗan aikin da za a yi masa in ya ƙara wayo (ni na san fiɗiya take nufi). Baba ya gyaɗa kai ya ce min da Hausa, "Kaciya take nufi. Ki ce mata mu sai ya yi shekara bakwai." Ya tambayi sunansa, ta ce Simsim. Ya yi murmushi ya ce laƙabi ne dai, za a sa masa na gaskiya.

Ina tsaye ina jin duk wannan, kuma ban ce uffan ba. Ku zage ni, na cancanta. Abin da ya ɗaure min harshe fuskarsa ce. Tun da na yi aure duk wayar da za mu yi sai ya rufe da addu'ar Allah Ya ba ni zuriya, har ya kai yana yin ta a hankali don kada ya fama min ciwo. Yau ga hawaye yana biyowa ta ƙarƙashin bandeji, alhali likita ya ce a kiyaye idon.

"Maraya kuka ɗauka kuka ɓoye min?" ya ce. "Don me, Uwata? Kin san ladan mai riƙon maraya kuwa? Kawo min shi in yi masa addu'a."

Ya ajiye carbi, ya gyara zama, ya miƙo hannu biyu.

Daidai nan Simsim ya ji muryar tsohuwar mai riƙonsa ya fasa kuka. Madam Nuha ta tashi ta yaye labule. Ba sai na faɗa muku irin kallon da ta yi min ba da ta gan shi ɗaure da igiyar shanya a cikin rana. Ta kwance shi, ya kwaso a guje. Hausawa sun ce in ka ga kare yana sunsunar takalmi ɗauka zai yi, to nawa sunsunar takalmin Baba ya fara yi, sannan ya ɗaga ƙafa biyu ya ɗora a gwiwarsa, ya lashe tafin hannun da aka miƙo da bisimilla.

Baba bai yi tsawa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya janye hannunsa a hankali ya riƙe shi nesa da rigarsa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na gadi ne?"

Na san abin da yake yi. A karatunsa kare na halatta a ajiye shi don farauta, ko kiwo, ko gadi, kuma ƙofa yake buɗe min in fita kunya. Na yi wuf na ce, "Eh Baba, na gadi ne." Da Hausa na faɗa, na ɗauka na tsira. Sai Baba, saboda kara irin tasa, kada baƙuwa ta ji ana magana an ware ta, ya juya ya fassara mata. Ya ce babu laifi, tunda don hirasa ne.

Madam Nuha ta dube ni. "Hirasa?" ta ce.

Ga mahaifina a dama, ga ta a hagu, ga Simsim yana tauna gefen zanena. In na ce a'a na ƙaryata kaina a gaban Baba, sai kuma in faɗi ainihin dalilin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na sunkuyar da kai na gyaɗa. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta saɓe shi a kafaɗa, ta bar min ledar biskit ɗin da ta kawo masa a kan kujera, ta fita. Na kawo wa Baba ruwa da sabulu, ya wanke hannu.

Da safe ina ɗiga masa maganin ido, idona ya fi nasa kumburi, sai ya riƙe min hannu.

"Uwata, hawa na bakwai, ga mai gadi a ƙofar ƙasa, wannan ɗan abin wa zai yi wa gadi?" Ya nisa. "Jiya na ji kukanki. Ni ban san shirun gidan nan ya kai haka ba. Da gaskiya kika faɗa min, faɗa zan yi, ba zan fasa ba. Amma da ban bari an fita da shi ba. Kira matar."

Na kira, ba ta ɗauka ba. Na tura saƙo mai tsawo da gurgun Larabcina, na faɗi komai, har maganar firiji. Sai la'asar amsa ta zo, kalma ɗaya tak: ma'alish, wato sai haƙuri. Bayan 'yan kwanaki na ga hotonsa a shafinsu a hannun wata mata, an rubuta mabruk ga sabuwar mama. Kunnen nan da ke kwance ma ya miƙe, ba a gabana ba.

Baba ya warke ya koma Zariya, kuma bai taɓa ba kowa labarin ba. Addu'ar ƙarshen waya ce dai ya ƙara wa tsawo, yanzu har da Allah Ya ɗebe min kewa. Ni kuwa na koyi cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, balle in ka yi ta a gaban mai jin yare biyu. Na tashi ba tsuntsu ba tarko, sai ledar biskit ɗin kare da har yau na kasa zubarwa. Tana nan a saman firiji, mun koma hirarmu.