Baƙar Waya Mai Lulluɓi

Kaka yana goge tabarau da gefen riga, kamar kowace safiya, ya tura ƙofar gareji da ƙafa. Hasken hantsi ya kwanta a jikin motar da jikarsa ta mayar ɗaki: gado, fanka, ɗan firji, da batir na biyu a ƙarƙashin kujera wanda zai riƙe su duka. Gobe za ta tafi aikin auna rijiyoyi, wata shida tana kwana a cikin motar. Sai dai kwana uku ke nan batirin ya ƙi ɗaukar caji, kuma in bai ɗauka ba babu tafiya.

Ƙafafunta kawai ya gani sun leƙo daga ƙofar motar.

"...lafiya lau na kwana, amarya, tunda ba ki tambaya ba."

"Au, tsohon miji, ka tashi? Har na fara tunanin takaba."

"Wa zai kwashe ki bayana? Macen da ke warin man inji."

"Shekara arba'in kana gyaran wayar mota, yau ka san wari?"

Ya zauna a kan tsohuwar taya, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Wannan gwiwa ce ko ƙofa?"

"Batirinki ne ke kuka. Na gaya miki na zamani ba su da lafiya. A zamaninmu da harshe nake gwada batir."

"Shi ya sa harshen bai daina tartsatsi ba."

"Ki haƙura da tafiyar nan. Ki zauna ki dafa wa mijinki shayi."

Ta fito tana share hannu, fuskarta babu alamar dariya.

"Maigida, ɓera ya shigo motar nan."

"Ɓeraye sun yi yawa bana."

"Wannan mai ilimi ne. Ya bar jar waya, ya bar fis, ya bi bayan kujera ya kwance baƙar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe. Da sufana mai lamba goma."

"Ikon Allah. Sun ci gaba."

"Bai tsaya nan ba. Da ya cire ta, sai ya naɗe bakinta da tef, tsaf, zagaye uku, ya lanƙwasa ƙarshen don a ji daɗin warwarewa."

Kaka ya dubi rufin gareji. Ya tuna yadda ya tsaya shekaranjiya da wayar a hannu, bakinta tsirara, ya yi niyyar barinta haka, hannun ya ƙi. Hannun da bai taɓa barin waya babu lulluɓi ba, ko a motar maƙiyi.

"Ɓeran yana da tarbiyya," in ji shi.

"Kuma bahago ne. Hagu ya yi naɗin."

"To, bahagon ɓera ba laifinsa ba ne. Haka aka haife shi."

"Me yake so, a ganinka?"

Ya daɗe yana juya tabarau a hannu.

"Wa ya sani. Wataƙila gidan ne ke masa faɗi idan babu mai zaginsa."

Ta sunkuya ta ɗauki sufanar, ta goge ta da gefen riga.

Ya miƙe, ya karɓi sufanar daga hannunta, ya durƙusa. Ya warware tef ɗin, ya kankare ƙarfen har ya yi ƙyalli, ya ɗaure wayar tamau.

"Tayar."

Injin ya tashi. Allurar mita ta yi rawa, ta soma hawa a hankali. Fanka ta juya.

Ya ciro filayarsa daga aljihu, wadda tafinsa ya cinye robar hannunta, ya ajiye a kan gadon.

"Je ki, na sake ki."

"Kaka..."

"Saki ɗaya ne. Akwai kome."

Ya kakkaɓe gwiwa, ya fita, bai waiwayo ba.