Baɗi Zan Je Kano

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara mutane a falona na unguwar Tandabawi a Makka don su kalli tonon asirina ba. Ni na gayyace su, ni na kunna talabijin da hannuna.

Ina ɗan shekara goma wasu masu ɗaukar fim suka zo daga Najeriya, suka zaɓi mu shida cikin 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Makka. Duk bayan shekara goma sai su dawo su ga inda rayuwa ta kai mu. Yanzu ina da hamsin, kuma bana ma sun zo shagona na turare a unguwar Misfala. Kwana biyu ina fesa musu turare kyauta (har mai riƙe fitila sai da ya samu).

Ana cikin haka Alhaji Sabo ya iso Umara daga Kano. Ɗansa yana karatu a nan, yana neman auren 'yata Zainab, shi kuma ya zo ya ga irin gidan da za su haɗa zuri'a da shi. A zamanmu na farko ya tambaye ni ko ina leƙa gida. Bakina ya riga hankalina.

“Sau uku na je Kano,” na ce. “Ai Kurmi kamar tafin hannuna.”

Ban taɓa wuce Jidda ba.

Da aka aiko da sabon fim ɗin, sai na ce bari Alhaji ya ga shagona ya san ba da ƙananan mutane yake hulɗa ba. Aka kawo shayi da dabino, maƙwabta suka cika falo, mata suna bayan labule har da mahaifiyata.

Shagon nan ko minti ɗaya bai samu ba. Maimakon haka, marasa mutuncin nan suka jera ni sau biyar. Ga ni yaro da wawulo ina cewa, “Baɗi zan je Kano.” Ga ni saurayi da gashin baki kamar an zana da gawayi: “Baɗi in sha Allah.” Ɗan talatin, baɗi. Ɗan arba'in da tumbi, baɗi. Sai ni na watan jiya, a cikin rigar da ke jikina a lokacin, ina murmushi: “Wallahi ban taɓa zuwa ba, amma baɗi, halas, magana ta ƙare!”

Wai har da kiɗa mai taushi suka sa a ƙasa! Shekara arba'in ina buɗe musu ƙofa, ina ba su labarin rayuwata, abin da suka tsinta ke nan? Wa ya ce su adana maganar yaro? Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu ma a ɓace yake.

Alhaji Sabo ya ajiye kofinsa a hankali. Ni dai Zainab nake tunani, don mutumin da ya kama ka da ƙarya a zaman farko yana iya ɗaukar ɗansa ya yi gaba.

Sai muryar mahaifiyata ta fito daga bayan labule: “Ku ƙyale shi, gado ya yi. Ubansa ma da ya sauke farali cewa ya yi baɗi za mu koma. Yana nan kwance a maƙabarta.”

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji Sabo ya dube ni ya ce, “To, Alhaji, ga sharaɗina. A Kano za a ɗaura auren nan, kuma kai za ka kawo amarya da ƙafarka. Ni zan nuna maka Kurmin.”

Na ce na amince.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙarya, ka fara tuna ko akwai masu ajiye maganarka tun kana yaro. An dai sa ranar biki. Baɗi ne, kuma masu fim sun ce za su zo filin jirgi su gani da idonsu.