Yadda Za Ka Riƙe Kujerarka Idan Sabon Rumbu Ya Sa Kwamfuta Jan Ƙafa

Kai da ka ƙara wa kwamfuta rumbu na biyu, ta koma tafiyar mai ciwon gwiwa, kuma ba ka san dalili ba, kwantar da hankalinka. Ga hanya nan da aka gwada a Birnin Kebbi cikin bazarar 1998, kuma na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari. Ba gyara zan koya maka ba, gyara na masu gyara ne. Zan koya maka abin da ya fi shi amfani, wato yadda za ka yi mako guda cur ba wanda ya gane ba ka iya ba.

Malaminmu a wannan fage shi ne Sirajo, wanda ya yi kwas na sati uku a Sakkwato ya dawo da takardar shaida mai tambari biyu. Goggonsa, Hajiya Baiwa, tana da shagon buga takardu kusa da sakatariya. Jiha sabuwa ce, kowa da takardar da yake so a buga masa. Kwamfuta ɗaya ce a shagon, kujerar gabanta ma ɗaya, mai juyawa, kuma Sirajo ne a kanta. Ƙanwarsa Munira, wadda ta yi karatun sakatare na shekara biyu, tana kan benci tana jera takardu tana maƙale su.

Da rumbun kwamfutar ya cika, wato ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu da ke ajiye duk abin da aka buga, Hajiya ta aika Kano aka sayo na biyu. Daga nan darasinmu ya soma.

Mataki na ɗaya: Kada ka cire leda

Sabon rumbu yana zuwa cikin wata leda mai ƙyalli, ruwan azurfa. Ka bar ta. Duk wanda ya tashi a gidan mutunci ya san ba a tuɓe sabon abu. Kujerun falon Hajiya a unguwar Gesse shekararsu huɗu cikin leda, baƙo ya zauna ya tashi jiƙe da gumi, ya tafi yana yabon arziki. Rimot cikin leda. Sirdin babur ɗin Sirajo cikin leda. To don me za a tsiraita rumbun da ya zo tun daga Kano?

Sirajo ya sa reza ya yanka 'yar ƙofa daidai inda waya za ta shiga, ya naɗe sauran da roba, ya cusa rumbun a mazauninsa. Hajiya ta leƙa ta ga ƙyalli, ranta ya yi fari.

"Yawwa ɗana," in ji ta. "Haka ɗai nika son aiki. Abu shi zamna da sabuntatai."

Sai ka kwashe duk aikin shagon ka mayar cikin sabon rumbun, kamar yadda Sirajo ya yi.

Mataki na biyu: Nemo mai laifi kafin a tambaye ka

Minti ashirin na farko komai zai tafi sumul. Daga nan rumbu zai fara dahuwa cikin ledarsa, don watan Maris ne, kuma ka san Maris ɗin Birnin Kebbi. Za ka danna a ajiye takarda, ka fita ka yi alwala, ka dawo ka tarar kwamfuta na nan tana tunani.

Kada ka yi shiru. Shiru alamar rashin sani ne. Ran Litinin Sirajo ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Ran Talata ya ce wani ɗalibi ne ya kawo faifai mai cuta. Da waɗannan suka ƙare ya sassauta murya ya ce wataƙila baki ne, tunda duk layin an ji labarin an sayo rumbu. Wannan ne ya fi shiga kunnen Hajiya, don dama tana da mutum biyu da take zargi.

Ka riƙe wannan: mai laifin da ya fi kyau shi ne wanda ba ya cikin ɗakin.

Mataki na uku: Yi aiki inda ido ke gani

Kwance gefen kwamfutar ka jingine shi da bango, kowa ya ga hanjinta. Saƙala sukudireba a bayan kunne. Juyo da fanka ka saita mata, ko da kai da masu jira za ku narke. In ta ƙara minti biyar kafin ta fara jan ƙafa, ka ce an samu ci gaba. Lokaci lokaci ka kara kunne a jikinta, ka yi tsaki, ka ce "hmm." Wannan "hmm" ɗin shi ne rabin kwas ɗin Sakkwato.

Mataki na huɗu: Koyi zaunar da mai jira

A nan ne abin zai fara taɓa kujerarka. Malam Labbo, sakataren ƙungiyar masunta daga Argungu har Gulma, ya kawo aikin takardun gayyata guda tamanin, kowace da sunan mai ita. Tsofaffin masunta ba sa zuwa taro sai sun ga sunansu a rubuce. Ran Asabar da safe za a raba takardun a bakin gulbi, don haka dole su fita ran Juma'a.

Ya zo Talata ya koma. Ya zo Laraba da ƙullin bandar kifi don a ji kunyarsa, ya koma. Ran Alhamis ya zauna ya zura wa allon ido, yana kallon harafi ɗaya na fitowa, ɗan'uwansa na biyo shi bayan an manta da shi.

"Yaro," ya ce, "halan injin ga azumi shika yi?"

Ba shi ruwan sanyi. Tambaye shi lafiyar gulbi, da ko giwan ruwa ya yi yawa bana. Masunci in ya kama labarin kifi, ka samu awa guda kyauta. Sirajo ya samu awa biyu. Amma Hajiya na zaune tana ji, kuma ita ba ta cin labari.

"Sirajo," ta ce, a gaban kowa, "in aikin Malam Labbo bai hita gobe ba, ka tashi daga kujerar ga, Munira ta zamna. Na gama magana."

Mataki na biyar: Kada ka saurari na ƙasa da kai

Wani zai gane matsalar, kuma yawanci wanda ka girma ne. Da yammacin Alhamis Munira ta sunkuya ɗaukar takardar da fanka ta hure, hannunta ya taɓa ledar, ta janye da sauri. Ta jira har mutane suka ragu, don kada ta ba yayanta kunya, sannan ta matso.

"Yaya, abin ga hwa ya yi zahi ƙwarai. Ko a cire mai ledar ga shi sha iska?"

Lura da amsar, don ita ce zuciyar wannan darasi. Sirajo bai ce ba daidai ba ne. Ya juya da kujerarsa a hankali, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Ke sati nawa kiy yi Sakkwato?"

Ta koma bencinta. In ka karɓi shawarar ƙanwa yau, gobe a gida za a ji, jibi a unguwa.

Mataki na shida: In ta gyaru, karɓi yabo da hannu biyu

Juma'a ta yi, takarda goma sha biyu kacal suka fita cikin tamanin. Hajiya ba ta zuwa shago ran Juma'a sai bayan la'asar. Sirajo ya tafi masallaci tare da Malam Labbo, kuma gaskiyar magana tsoro yake ji. Kujerar nan ita ce ta sa ake ce masa Injiniya a majalisa, in ta tafi ba abin da ya rage masa sai babur. Bai taɓa daɗewa a addu'a kamar ranar ba.

Munira kuwa da ta ga shago ya zama nata ita kaɗai, ta kashe kwamfuta, ta zare rumbu, ta tuɓe masa leda, ta ninke ta ta sa a jaka. Ta bar shi ya huce gaban fanka, ta mayar, ta kunna. Kafin a sauko daga masallaci a gama gaisawa, takarda sittin da takwas sun fito. Ta jera su a teburin yayanta, ta mayar da kujerar yadda ya bar ta, ta koma benci.

"Waɗanda kab bari na, Yaya," ta ce da suka shigo. "Sun hito."

Sirajo ya dubi takardun, ya saci kallon cikin kwamfutar, ya gane komai. Malam Labbo kuwa sai sa albarka yake, yana karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya.

"Ai tun jiya nis saita ta," in ji Sirajo.

Ka gani? Aiki ya fita ran Juma'a, kujera ta tsira. Ban faɗa maka hanyar tana ci ba?

Mataki na bakwai: Nuna da yatsa kafin a nuna ka

Bayan la'asar Hajiya ta shigo, ta ga Malam Labbo na ɗaure takardunsa, ta yi hamdala. Sannan ta sunkuya ta leƙa cikin kwamfutar kamar yadda ta saba, don ta ga ƙyallin abinta. Ta ga ƙarfe tsirara.

"Innalillahi! Wa yat tuɓe min rumbu?"

Mutumin da ya yi kwana biyar yana neman mai laifi, yatsansa ba ya jiran shawara. Na Sirajo ya tashi da kansa.

"Munira ta, Goggo. Ni ina masallaci. Ga Malam Labbo nan shaida."

Hajiya ta juya. "Ke kic cire?"

"Ni ta, Goggo." Kanta a ƙasa.

"Da kic cire, sai mi?"

Munira har a lokacin ba ta so ta faɗa. Malam Labbo ne ya daina ɗaurin da yake yi, ya dubi takardunsa, ya dubi Sirajo.

"Hajiya, sad da munka tahi masallaci goma sha biyu ɗai sunka hita. Ni niƙ ƙirga."

Hajiya Baiwa tana son leda, ba ƙarya. Amma ba da leda ta kafa shago ba. Ta daɗe tana kallon ɗan ɗan'uwanta, wanda har yanzu bai tuna ya sauke yatsa ba.

"Sirajo," ta ce, "tashi."

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin rumbun da ya dahu, ko masuncin da bai samu takardarsa ba, ko kujerar da ta sauya mai ita. Matakai shida na farko sun yi aiki kamar yadda aka yi alkawari, na bakwai kuwa kai ka ɗaga yatsanka, ba ni na ɗaga maka ba. In ka zo da ƙorafi, zan tura ka wurin Sirajo, yana nan kan benci yana maƙale takardu. Zai gaya maka benci ba shi da wahala, an saba da shi cikin sati biyu. Abin da ya kasa sabawa da shi daban ne. Munira ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ko a gida. Kullum da safe sai ta rusuna ta ce, "Yaya, ina kwana," ta jira ya amsa, sannan ta zauna ta kunna kwamfuta. Ya ce da za ta zage shi sau ɗaya, da ya samu sauƙi.