Yadda Za Ka Sayi Bindiga Marar Nauyi da Goɗiyar da Ba Taka Ba

Kai mai neman bindigar hawan dutse marar nauyi, matso kusa. Ni ce Mathuso ta ƙauyen Ha Nthole, a duwatsun Mokhotlong. Ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya. Ban taɓa harba bindiga ba, amma tun gashina yana baƙi nake zaune da mai harbawa. Ka bi matakan nan yadda mijina Nthako ya bi su. Na ɗaukar maka alkawari za ka samu bindigar da ta fi ta kowa rashin nauyi, kuma ƙauyenku ba zai manta da kai ba har ka mutu.

Mataki na ɗaya: Ka ɗora wa tsohuwar bindiga laifi

Akwai bindiga a gidanka, ta marigayi mahaifinka, baƙa, doguwa, mai nauyi. Dila yana cin 'yan tumakinka a mashekarin saman dutse, kana harbi kana kuskure shekara da shekaru. Kada ka ce idonka ne. Idon namiji ba ya lalacewa, duniya ce take yin hazo. Ka ce nauyi ne.

"Mathuso, kafin in ɗaga wannan ƙarfen, dila ya tsallaka iyaka ya shiga Natal."

"Ntate, surukina da ita ya yi ta kashe su, kuma bai kai rabin jikinka ba," in ji ni. A nan Ntate muke kiran namiji don girmamawa, mace kuma 'M'e.

"Dilolin da can a hankali suke tafiya."

Ka riƙe wannan amsar. Babu matar da ta san abin da za ta ce bayanta.

Mataki na biyu: Ka nemi shawarar wanda ba ya hawa dutse

Je ka rumfar askin tumaki inda maza suke zama. Nemi Phafoli, ko mai kama da shi, don kowane gari yana da nasa. Ya yi aikin ramin zinariya, ya dawo da haƙorin ƙarfe da bakin ciniki. Zai nuna maka bindiga mai sakata, irin wadda ake jan sakatar baya a tura ta gaba bayan kowane harbi. Siririn baki, gindin roba, madubin hange a kai.

Ga yadda gwani yake gwada ta. Ɗaga ta da yatsa biyu. Ja sakatar ka tura, ka ja ka tura, har maza su daina hira su juyo. Leƙa madubin ka kalli akuyar da ke gabanka. Kada ka ce a ba ka harsashi ka gwada, wannan rashin yarda ne, kuma Phafoli yana saurin jin haushi.

"Ntate Nthako, wannan ba ɗaukarta ake yi ba," in ji shi. "Rakiya take yi maka."

Da ka ji haka, ciniki ya faɗa.

Mataki na uku: Ka biya da abin da ba naka ba

Nan ne gwaninta take. Akwai goɗiya a bayan ɗakinka, sunanta Naleli. Ta Mofoka ce, yayan matarka. Ya ba ku ita a mafisa, wato kiwon amana: ku hau, ku yi aiki da ita, amma dabbar tasa ce, 'ya'yanta ma nasa ne. Yaron da bai iya ɗaura bargo ba ya san ba a sayar da dabbar mafisa. Kai ka manta.

Ita ce take kai masara injin niƙa. Ita ce take kai matarka asibiti ranar maganin gwiwa, hanyar da mota ba ta bi. Kada waɗannan su dame ka, ba gwiwarka ba ce.

Jira matarka ta tafi jana'iza wani ƙauye. In ta dawo ta ga igiya a turke babu goɗiya, miƙa mata bindigar ka ce, "Ɗaga ki ji." Nawa mijin haka ya yi. Na ɗaga. Na ji. Na tambaye shi ta ina ake ɗaura mata buhun masara.

Mataki na huɗu: Ka hau dutsen da ƙafarka

Yanzu za ka gano wani abu da Phafoli bai faɗa ba. Tsohuwar bindigar ba ta taɓa yi maka nauyi ba, don ba kai kake ɗaukarta ba. Naleli ce take ɗaukarta, da kai, da tulun giyarka, da tumbinka.

Sabuwar kuwa ba ta da nauyi, gaskiya ne. Amma bargon naka ne, takalman roba naka ne, tumbin ma yana nan inda ka bar shi. Ka tashi da hantsi, ka isa mashekari rana ta karkata, kana numfashi kamar tsohon zuga-zugi. In makiyaya suka tambayi goɗiya, ce musu likita ya ce ka riƙa tafiyar ƙasa.

Mataki na biyar: Ka harba

Ga dila can a kan fa, yana kallonka. Kwanta. Manna idonka a jikin madubin sosai, don ka gan shi da kyau. Danna.

Bindiga mai nauyi tana shanye dukanta da kanta. Marar nauyi ba ta da inda za ta ajiye shi sai kafaɗarka. Madubin kuma zai dawo ya tsaga maka gira. Nthako ya sauko da kafaɗa baƙa kamar gindin tukunya, da ido ɗaya a kumbure. Ni na dafa ruwan gashi. Dilan kuma, in ji makiyaya, bai ko tashi ba. Hamma ya yi.

Mataki na shida: Ka ƙi mayarwa

Matarka za ta ɗora masara a ka, da gwiwar nan tata, ta kai injin. Za ta fara kauce wa yayanta a coci, don ba ta san da wane baki za ta ce masa amanarsa ta zama bindiga ba. Daga nan za ta je wajen Phafoli.

"'M'e Mathuso, ni ba na rigima da tsofaffi," in ji shi. "Ya kawo bindigata lafiya lau, ya haɗa da rago ɗaya na wahalata, ki ja goɗiyarki. Amma ku yi sauri. Kafin ƙanƙara ta rufe hanya zan tsallaka iyaka da dawakina in sayar."

Za ta je wajen mai gari. Shi ma zai ce ba a sayar da mafisa, amma wanda ya ƙulla ciniki shi ne zai kwance shi da hannunsa, ba matarsa ba. Maza sun iya tsara magana yadda za ta dawo hannun namiji.

Kai dai ka tsaya da ƙafarka. Ka ce, "In mayar, a yi mini dariya a rumfa?" Goɗiya ta tsallaka iyaka, a yi ta jan amalanke da ita har ta mutu, ba komai. Dariyar rumfa ce abin tsoro.

Mataki na bakwai: Ka goge ta a gaban matarka

Kullum da yamma ka shimfiɗa bargo a ƙofar ɗaki, ka danna ɗan maɓallin nan na gefe, ka zare sakatar gaba ɗaya, ka shafa mata mai. Yi bayani da ƙarfi. "Kin ga wannan? Ita ce ran bindigar. In babu ita, sanda ce." Mace ba ta gane irin waɗannan abubuwa, saboda haka maimaita mata sau da yawa.

Mataki na takwas: Ka kai ta farautar gayya

Ranar da mazan ƙauye za su fita wa dila da karnuka, sa matarka ta ɗinka wa bindigar kube na buhu don kada raɓa ta taɓa ta. Ka bar ta ta saka maka ita a ciki yayin da kake shan kununka. Rataya. Za ka ji ta ƙara sauƙi.

"Mathuso, jikina ya saba da ita. Yau kamar ban ɗauki komai ba."

"Allah ya kai ka lafiya, Ntate."

A saman dutse, tara maza, ka ce kowa ya zo ya ɗaga ya ji. Zare ta daga kube a gabansu. Matar wani da mijinta ya je ta ba ni labarin yadda aka yi. Wani tsoho ya leƙa ramin da sakata take zama, ya ga wayam, ya hango sama ta ciki.

"Ntate Nthako, sabon samfuri ne?"

"Da baki ake cewa fau," in ji wani.

"Ku bar shi. Dila zai mutu da dariya, harsashi ya huta."

Dariyar da kake gudu, ga ta ka samu, har da ƙari, kuma a kan dutse murya tana tafiya nesa.

Mataki na tara: Ka sauko

Za ka tarar da matarka tana tankaɗe.

"Ina take?"

"Wa?"

"Kin sani."

"Tana inda goɗiyar yayana take, Ntate. A hannun wanda ba mai ita ba. Ba za ka iya harbi ba, ba za ka iya sayarwa ba. Rana ɗaya za su dawo."

Yi ihu. Zazzage buhun gari, leƙa tukwane, ɗaga katifa. Ba za ka taɓa duba cikin bargon da ke jikinta ba, don ka daɗe rabonka da duba wurin.

Washegari muka tafi gidan Phafoli, Nthako da bindiga da ragonsa mai ulu da yake taƙama da shi, ni da sandata. Na ce a fara sa igiya a hannuna. Da na damƙe ta, na kwance ƙugiyar bargona na ciro sakatar. Phafoli ya mayar da ita ya ja ya tura, ya ce ciniki ya kwance.

Naleli ta rame. An ɗaura mata sirdin da ba nata ba, bayanta ya yi gyambo faɗin tafin hannuna. Ban hau ba. Na ja ta muka taka har gida, ni da gwiwata, ita da bayanta, Nthako yana biye.

Ba ruwana

Har yanzu a rumfar aski ana cewa ni na tozarta mijina. To a karanta musu wannan, su nuna mini matakin da na taka ba shi ba. Kuma ban gama ba. Ranar Lahadi Nthako zai tsaya gaban Mofoka bayan coci, ya nuna masa gyambon nan, ya faɗi da bakinsa abin da ya yi da amana. Sai ranar zan sake dafa masa nama.

Kai kuma mai karatu, in ka bi matakan nan girarka ta tsage, ko kafaɗarka ta goce, ko ragonka ya tafi, kada ka zo ƙofata. Ban sayar maka ba, ban aike ka ba, ban san matarka ba. In ita ba mai tsayawa a sakata ba ce, wannan tsakaninku ne.