Tsagen fuskar Kallamu

"Lafiya lau, amarya. Ya unguwarku ta Mile One? Ko yau ma mai keke ya ce nauyinki na mutum biyu ne?"

"Nauyin hotonka dai, tsoho. Har intanet ta ƙi ɗaukar ka."

Jikata ce Haulatu, mai rubuta wa kwamfuta umarni. Ni na sa aka kira ta rumfa. Ƙungiyarmu ta 'yan albasa tana tara hotunan waɗanda suka dawo Fatakwal bayan yaƙin basasa, kuma ranar da la'asar za a rufe karɓa. Hoto ɗaya gare ni: ni da aminina Kallamu, Allah ya jiƙansa, a gaban buhuna, lokacin da kuɗin mai ya fara zubowa. Shafin ƙungiya ya ce ya yi nauyi. Sakatare ya rage shi a waya, sai Kallamu ya koma kamar hayaƙi.

Ta buɗe kwamfuta a kan buhu. "Mai sauƙi ne. In yanke abokinka, in bar ka kai kaɗai."

"Yanke wa? A bayan mota ɗaya muka dawo garin nan, tabarma ɗaya muka kwana. Ba a yanke kowa."

"To in yanke ka, in bar shi. Ai ya fi ka kyau."

"Ji 'yar nan! Da kin gan ni a lokacin, da kanki za ki kawo sadaki."

"Da wannan kunnuwan?"

"Ki rage nauyi, ki bar mutane. Kallamu Bagobiri ne, tsage goma sha uku ne a fuskarsa, shida nan, bakwai nan. Ɗaya ya ɓace, na fasa. A rufe babu ni."

Ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta juyo min. Na ga mun koma gajeru masu faɗi.

"Wa ya zauna a kanmu?"

Ta fashe da dariya. "Tsawo kaɗai na rage, don ka ga yadda kake a idona. Dole tsawo da faɗi su sauka tare."

"Ashe kin sani, mugunta ce."

Ta gyara, muka miƙe. Na sa tabarau na ƙirga.

"Tara."

"Idonka ne, tsoho."

"Idon da ke gane ruɓaɓɓiyar albasa a cikin buhu? Tara ne."

Ta matso ta duba, dariyar ta tsaya. "Wannan wanda sakatare ya turo ne, an riga an matse shi. Ina na asali?"

Na ciro shi daga leda, ta ɗauke shi da na'ura a shagon maƙwabci. Ta ce yanzu sau ɗaya za ta rage, kuma ingancin ba zai sauka ƙasa da tamanin da biyar ba. Ban gane lambar ba, na dai jira.

Na bi kumatun da yatsa. Shida. Bakwai. Na gyaɗa mata kai. Ta tura, shafi ya karɓa ana kiran sallah.

"Shi ya fito," na ce. "Ni ne kika rage wa kyau."

"Wannan kam haka na same shi."

Na yi dariya har da tari. Na kwance agogon hannuna, wanda ke cikin hoton, na miƙa mata.

"Ungo sadakinki."

Ta kara shi a kunne. "Ba ya ma aiki!"

"Mijin ma ai haka yake."