Ranar Karramawa a Garin Kowa-Namu

A wani gari da ake kira Kowa-Namu, wanda ba za ka same shi a taswira ba ko ka sa tabarau, akwai wani katafaren inji a tsakiyar kasuwa. Uwa ake ce masa. Aikin Uwa bai wuce ta juya, ta yi ruri, ta niƙa abin da aka zuba mata ba, hatsi ne ko takalmi. Sai dai a jikinta akwai kafofi da yawa, kuma duk mai basira yana iya ƙera ɗan ƙaramin abu ya jona a kafa ɗaya, ƙarfin Uwa ya riƙa juya masa shi. Wani ya ƙera na ɓare gyaɗa, wani na matse rake, wani na wasa wuƙa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ake kira goyo. Saboda su ne mutanen ƙauyuka ke tururuwa zuwa kasuwar, don niƙa kawai ai ko'ina ana yi.

Na san akwai 'yan zamani masu rubuta ƙananan manhajoji suna ɗora su a bayan manhajar wani babban kamfani, waɗanda za su ce da su nake. Ni ban san su ba. Labarin inji nake bayarwa.

Shugaban garin, Mai Inji, yana ƙaunar masu goyo ƙauna mai tsanani. Bai taɓa jawabi bai kira su 'ya'yansa ba. Har ofishi ya buɗe musu, Ofishin Runguma, ya naɗa Alhaji Cindo Sarkin Runguma, wani mutum mai fara'a wanda bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa cewa i ba. Ofishin na raba musu riguna masu hoton Uwa. Duk damina kuma ana canza girman kafofin Uwa domin ci gaba, sannan sanƙira ya zaga gari yana shelar awon na bara.

Babbar shaidar ƙaunar ita ce Ranar Karramawa. A ranar ake zaɓen goyon da ya fi kowane kyau, a rubuta sunan mai shi a faifan tagulla, a yi kiɗa, sannan a buɗe cikin Uwa a saka goyon a ciki ya zama nata. Dokar gari kuwa ta ce ba a jona goyon da ke yin aikin da Uwa ke yi da kanta. Wato wanda aka karrama, daga ranar ya tashi daga sana'a. Gwanin matse rake da aka karrama shekarun baya yana nan a bakin tasha, raken yake sarawa yana sayarwa gaɓa-gaɓa, sanye da rigarsa mai hoton Uwa.

Saboda haka masu goyo suka ƙirƙiro wata al'ada da suke kira rigakafi. Idan ranar ta matso, kowa sai ya ɗan lalata aikinsa. Mai wasa wuƙa ya karkatar da dutse, mai tatsar mai ya huda kwano. A wannan lokacin garin kan cika da dakusassun wuƙaƙe, kowa kuma ya san dalili, ban da Ofishin Runguma.

To, a cikinsu akwai Tasalla, 'yar gidan maƙera, wadda ta taso tana hura wa mahaifinta zugazugi har hannunta ya faɗa. Goyonta na tsince tsakuwa ne daga hatsi kafin ya shiga niƙa. Tun da ta jona shi, mutanen Kowa-Namu suka daina tauna tuwo a tsorace. Da shi take ci, da shi take ciyar da 'ya'yanta, kuma tana son sa so irin wanda ba ta iya ɓoyewa. Idan yana aiki takan tsaya tana sauraren ƙararsa tana murmushi ita kaɗai.

Maƙwabcinta a jikin Uwa shi ne Baba Nomau mai ɓare gyaɗa, wanda ya tsufa a kasuwar ba a taɓa karrama shi ba, kuma yana alfahari da hakan.

"'Yar nan, lokaci ya matso fa," in ji shi wata rana da hantsi. "Kin yi rigakafi?"

"Baba, wallahi na kasa."

"Kin kasa me? Kusa ɗaya za ki sassauta. Dubi nawa, rabin gyaɗar yake farfasawa, ga ni lafiya lau."

"Ai mutane ne za su ci tsakuwar."

"Su ci na ɗan lokaci. In aka karrama ki, ke me za ki ci?"

Maganar ta shige ta. Ta ɗauko sifana ta sassauta kusar rariyar ƙasa, ranta na ƙuna kamar ta mintsini ɗanta. Ba a jima ba sai ga wata tsohuwa da ƙwaryar dawa, haƙoranta ba su fi a nuna da yatsa ba, tana cewa tun daga ƙauye ta tako saboda an ce mata a nan ne ake samun garin da ba ya karya haƙori. Tasalla ta dubi bakin tsohuwar, ta dubi sifanar. Ta sunkuya ta ɗaure kusar tamau. Baba Nomau ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta.

Ranar Karramawa alƙalai ba su sha wahala ba, don a duk faɗin kasuwar goyo ɗaya ne ke aiki. Aka yi kiɗa. Mai Inji ya ce yau zuciyarsa fari ƙal, 'yarsa ta fitar da shi kunya. Masu goyo suka bi layi suna yi wa Tasalla barka da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake gaisuwar rashi da ita. Tana tsaye ma'aikatan Uwa suka kwance goyon suka shige da shi. Ta yi kuka sosai, sanƙira kuma ya shelanta cewa kukan daɗi ne.

Ma'aikatan ba su tambaye ta yadda ake ɗaura shi ba, don bai dace mai albashi ya tambayi mai goyo ba. Suka kifa rariyar sama a ƙasa, ta ƙasa a sama. Kafin sati ya zagayo tsakuwa ta dawo cikin tuwo, har ta fi ta da. Da yake kuma sunan Tasalla ne ke ƙyalli a faifan tagulla a goshin Uwa, duk wanda haƙorinsa ya ɓalle gidanta yake nufa. Wata mata har ta kawo mata haƙorin mijinta a ƙulle a gefen zane.

Abin ya ishe ta, ta tafi Ofishin Runguma. Alhaji Cindo ya tarbe ta hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mata lemo.

"Ranka ya daɗe, a bar ni in shiga in gyara. Rariyar ce kawai aka kifa."

"Malama Tasalla, cikin Uwa ai ba a shiga. Sirrin gari ne."

"To ni na ƙera abin da ke ciki."

"Shi ya sa muka karrama ki."

"To a faɗa wa ma'aikatan su juya ta."

"Madalla da wannan shawara! Irin ku muke nema. Zan kai ta Majalisar Muna-Dubawa."

Wannan majalisa ta dattawa ce masu haƙuri, ba su taɓa yanke hukunci cikin gaggawa ba, ba su ma taɓa yanke shi ba. Amma a kan maganar Tasalla sun yi abin a zo a gani. Suka fitar da sanarwa cewa tunda Uwa na tsince tsakuwa da kanta, babu sauran tsakuwa a garin Kowa-Namu, abin da mutane ke ji a baki sabon ɗanɗano ne. Aka ba Tasalla riga ta biyu.

Ta koma gida ta zauna. Tukunya ta fara kwana ba a ɗora ba, 'ya'ya suna kallon ta, hannunta kuma yana ƙaiƙayin aiki. Sai ta hura wuta ta ƙera wani ɗan goyo, ƙarami ƙwarai, wanda za a jona a bakin da gari ke fitowa ya tare duk tsakuwar da Uwa ta bari. Ta kai shi ofis neman izini.

"Me yake yi?" in ji Alhaji Cindo.

"Tsakuwa yake tarewa, ranka ya daɗe."

"Wace tsakuwa? Ai babu."

"Haka ne."

"To ashe ba ya yin komai ke nan. Abin da ba ya yin komai kuwa bai saɓa wa doka ba." Ya buga mata hatimi a matsayin kayan ado.

Kayan adon nan ya ja layi har bakin tasha. Tasalla ta dawo da murmushinta, 'ya'yanta suka murmure, masu kawo haƙora suka ɗauke ƙafa. Damina ta zo aka canza girman kafofi, ta sake ƙera wa goyon wuyan jonawa ba ta yi ƙorafi ba. Baba Nomau dai kallon layin yake yi yana tsaki.

Da shekara ta kusa zagayowa, wata rana da azahar sai ga Alhaji Cindo ya ratso layin da fara'arsa, yana dafa kafaɗun mutane. Ya ce Mai Inji ya ji labarin wani kayan ado da jama'a ke rububi, ya aiko shi ya gani da idonsa, don ba ya so a manta da kowa a Ranar Karramawa. Ya tsaya yana kallon farin garin da ke zubowa luƙui, ya naɗe hannun riga.

"Bari in ɗanɗana, Malama Tasalla."

Tasalla ta dubi ɗan goyon yana ta aikinsa tsakani da Allah, bai san abin da ake ciki ba. Ta dubi matan da ke layi da ƙorensu. A wannan karon ba ta dubi bakin kowa ba.

"Ranka ya daɗe, bari in ɗebo maka na sabon zubi."

Ta zagaya bayan goyon kamar mai gyara buhu, ta sunkuya, ta damƙi lallausan yashi cike da hannu, irin wanda goyon ba ya iya tarewa, ta watsa a mazubin hatsi. Ta tara tafi ta miƙa masa. Ya zuba a baki, ya tauna. Har na ƙarshen layi sai da ya ji ƙarar.

Alhaji Cindo ya tofar, ya dafe muƙamuƙi, ya goge hawaye. Sannan fara'arsa ta dawo.

"Da saura, Malama Tasalla, da saura. Amma kada ki karaya. Ki ci gaba da ƙoƙari, ofishinmu na tare da ke."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Yana tafiya matar da ke gaban layi ta matso da ƙwaryarta, ta ce a taimaka a yi mata mai laushi, kunun mai jego za a dama. Tasalla ta karɓa ta juye a mazubin da yashin bai gama wucewa ba, don Alhaji Cindo bai yi nisa ba tukuna, yana waiwayowa yana ɗaga mata hannu.

Baba Nomau ya leƙo daga bayan tarin fasasshiyar gyaɗarsa, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Barka, 'yar nan," ya ce. "Yau kin ƙware."