Kilishin da Na Kai wa Farfesa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran tunani, da ranar da na je kamun ƙafa wurin Bature. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen jini na wani asibiti a Manhattan, cikin birnin New York, kuma shekara uku ina mafarkin yin digiri na uku a wata tsohuwar jami'a a Sweden, ba tare da na san kowa a can ba. Sai aka sanar cewa wani farfesansu zai zo asibitinmu ya yi lacca. Na ce ƙofa ta buɗe.

Yayata da nake zaune wurinta a unguwar Concourse Village ta ce ba a zuwa gaban babba hannu Rabbana. Ta tura ni titin 116 na sayo kilishi wurin 'yan Nijar, aka naɗe shi kamar kayan lefe. Ni kuma na haddace tarihin jami'ar kaf: ɗaruruwan shekarun da ta yi, yadda ta fara da ilimin addini da shari'a da likitanci. (A tunanina yabon gidan mutum rabin shiga ne.)

Ranar laccar na isa ɗakin taron da wuri. Babu kowa sai wani dattijo da tsohuwar rigar sanyi yana jera kujeru. Na ce ya goge min kujerar gaba, ya goge. Na ba shi ƙunshin, na ce idan ogan ya zo ya miƙa masa a ɓoye, ya ce daga wadda ke sahun farko ne, mai neman gurbin karatu a jami'arsu. Da na ga yana da sauƙin kai, sai na gwada haddata a kansa. Ya ɗan gyara min wani wuri, na ce masa ni fa karantawa na yi. Har na ƙara da cewa manyan nan duk halinsu ɗaya, a kambama su kawai suke so.

Ɗaki ya cika. Shugabar sashenmu ta gabatar da baƙo, sai dattijon nan ya ajiye tsumma, ya hau mumbari da kilishina a hammata. Wallahi ban ji kalma ɗaya daga laccar ba. Ƙafata kawai nake kallo, ina lissafin taku nawa ne zuwa ƙofa.

Ana tashi ya tare ni kafin in sulale. Ya ce ba zai iya karɓar kyauta daga mai neman gurbi ba, amma ƙamshin ya hana shi sakat, sai ya buɗe a teburin shayi kowa ya ci. Ya ce in kira shi da sunansa kawai, haka ɗalibansa ke yi. (Har yau bakina ya ƙi.) Sannan ya bayyana min cewa a can gurbin digiri na uku kamar aiki ake tallata shi, kowa ya nema, kwamiti ya duba.

"Tarihinmu mun san shi," in ji shi. "Ke me kike yi da hannunki?"

Cikin in'ina na faɗi aikin da nake yi a kan jinin masu sikila, wanda nake ganin bai kai a ambata ba. Ya saurare ni tsaf, ya ce wannan zan rubuta.

Da aka tallata gurbin na nema, shi kuwa ya janye daga kwamitin tunda mun san juna. Aka yi min tambayoyi, aka ɗauke ni. Na yi kuka, kuma har gobe ina gode wa bawan Allahn nan, domin da ya rama abin da na yi masa, ko sha'awar nema ba zan sake yi ba.

Yanzu duk wanda na gani yana jera kujeru, har ƙasa nake gaishe shi. Makon jiya na rusuna wa mai sharar ɗakin gwaje-gwajenmu, ya tambaye ni ko bayana ke ciwo.